Kukan da Ya Koma Rumbu

Sau uku ke nan na'urar Bawa tana kuka a gonar Labbo da ke bayan 'Yandoto, sau uku kuma ana haƙa rami kukan ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Bawa mutumin Bungudu ne. Babur ɗinsa ya sayar ya sayi na'urar neman zinariya a Gusau, ta hannu, mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne. Labbo kuwa amininsa ne tun suna samari suna dako a tashar mota, Labbon ne ya laƙaba wa Bawa suna Ɗan Tsamurmuri, kuma shekara talatin bai kira shi da wani suna ba. Suka shirya: gona ta Labbo, na'ura ta Bawa, abin da Allah ya bayar a raba biyu.

Sai dai batirin na'urar tsoho ne, awa biyu ya mutu. Don haka da safe Bawa zai zagaya gonar yana lilo da faifan, inda ta yi kuka ya kafa kara, sannan ya hau mota zuwa Tsafe wurin mai caji. Labbo ya zauna ya yi haƙa. Bayan azahar Bawa ya dawo, ya zura faifan cikin ramin. Shiru. Ya bi tarin ƙasar da ke gefe. Shiru.

"Ɗan Tsamurmuri, ai ka san zinariya tahiya takai," in ji Labbo yana sharce gumi. "Tsohinmu sun ce in masu wurin ba su yarda ba, janye ta su kai."

Aljanu ke nan. Bawa ya yi dariya da baki kawai. Shi dai a saninsa aljanin da ke janye zinariya aljihu gare shi.

Ya kai na'urar Gusau wurin wanda ya sayar masa. Mutumin ya jefa kwabo a ƙasa, ta tsala ihu. Ya ce wani lokaci baƙin dutse kan ruɗe ta, wani lokaci abin kan gangara ƙasan rami. Sannan ya rage murya ya ce, "Wa ka yi maka haƙa?"

Tambayar nan ita ta biyo Bawa har gida. Daga ranar komai na Labbo ya zama abin dubawa. Ya ga sabon takalmin roba a ƙafarsa. Ya ga Kulu, matar Labbo, ta sa nama a miya ranar da ba kasuwa. Ya lura tarin ƙasar bakin rami bai kai girman ramin ba, ya ce lallai tankaɗe ta ake yi a ɓoye. Abin yana cin sa, domin yana son Labbo, kuma ya tsani a mai da shi wawa.

Rana ta huɗu na'urar ta yi wani kuka mai kauri kusa da wani tsohon suri, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya kafa kara, ya tafi caji, ya dawo da sauri. Rami har gwiwa, kuma shiru.

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka iso ƙofar gidan Labbo, inda dattawa uku ke zaune a kan tabarma suna jiran la'asar, sannan bakinsa ya kuɓuce.

"Labbo, zazzage aljihunka."

Labbo ya tsaya da diga a kafaɗa. "Mi kac ce?"

"Ka jiya. Rami huɗu, kuka huɗu, ko ƙwara ban gani ba. Ni ba yaro ba ne."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, a bi sannu." Labbo bai kalle shi ba. Ya ajiye digar, ya juye aljihu biyu. Goro rabi, asuwaki, da igiyar jaki. Ya cire hula ya kakkaɓe, ya cire takalmin nan sabo ya kife.

"Saura cikin gida," ya ce. "Taho da abin naka. Kulu, shiga ɗaki, baƙo za ya shigo."

Baƙo. Kalmar ta soki Bawa, amma taurin kai ya riga ya hau, ya kunna na'urar ya bi shi. Ɗakin Labbo shiru, ban da ƙusoshin gado. Turken jaki shiru. Har ya juya zai fita, kunya ta fara kama shi, sai faifan ya gifta jikin rumbu. Na'urar ta ƙwala kukan nan mai kauri na bakin suri.

Rumbun ya sha sabon yaɓe, wani gefen ma bai bushe ba. Ga mangala a jingine da jar ƙasa a cikinta.

"Wagga ƙasa daga ina?" Bawa ya tambaya, muryarsa ta sauka.

"Ta saman ramu ce. Jar ƙasa mai kyau, in bar ta ta lalace? Jaki ka kwaso min ita kullum kahin ka dawo." Labbo ya ƙara da cewa a hankali, "Ni cewa nike zinariya can ƙasa take, wurin zurhi."

Nan Bawa ya gane komai. Manomi ne ya ga ƙasar yaɓe a banza, ga rumbu ya tsage, ga gero na jiran shiga. Abin da suke nema tun shebur na farko yake fita, jaki ya kai shi gida.

Ya kashe na'urar. "Bar shi, Labbo. Don Allah bar shi. Ni na yi kuskure."

Labbo ya riga ya ɗauko digar. Bawa ya riƙe masa hannu, Labbo ya fizge. Sara uku ya yi, gefen rumbun da ya kwana huɗu yana lallaɓawa ya zubo. Ya durƙusa yana murtsuke ɓaraguzan da yatsu, dattawa na leƙe daga zaure, har abin ya fito: ja-ja, mai nauyi, bai wuce ƙwayar wake ba.

Ya kamo hannun Bawa ya sa masa a tafi, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Rabi naka ne," in ji Bawa, idonsa ya cika.

"Riƙe duka. Sauran ukun ma in na tsince su, a aiko maka Bungudu." Labbo ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. "Hanzarta kada mota ta wuce ka. Sauka lahiya, Malam Bawa."