Madarar Ƙarfe Huɗu

"Kofi ɗaya, Tela. Ba saniya na ce ki jawo mini ba."

Tela ta ɗago kai daga rigar da take sa wa maɓalli. Mai Fenti yana jingine da matasai uku, da robar iska a hancinsa, injin iskar kuma yana ta gurnani a gindin gado. Matarsa, Yaya, ta tafi karɓo magani, ta roƙi maƙwabciyar tasu ta zauna da shi. Doka ɗaya ta bari a bakin ƙofa: kada a ba shi madara.

"Yaya ta hana," in ji Tela. "Ta ce tana tara maka majina."

"Sajan ke nan." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. "Likita da bakinsa ya ce in sha abina. Sai ta ce likitan yaro ne, bai taɓa jinyar miji ba."

Shekara talatin da biyar ya yi yana fesa wa motoci fenti. Tun ranar farko ubangidansa ya gaya masa madara ce ke wanke ƙirjin mai wannan sana'a, shi kuwa ya riƙe. Ta tagar ɗakin ɗinkinta Tela ta sha ganinsa ƙarfe huɗu na yamma, tsugune a ƙofar gareji da kofin silba. Da kalar gashin bakinsa take gane motar da ya yi ranar: yau ja, gobe kore. Madarar dai ba ta wanke komai ba, hoton asibiti ya nuna. Tun ranar matarsa ta ɗauki gaba da ita, kamar wadda aka ci wa amana. Yau kwana arba'in rabonsa da madara.

Rana ta karkata, ta shigo ta tsagar labule. Ƙura tana yawo cikin hasken, tana hawa, tana sauka. Mai Fenti ya bi ta da ido.

"Haka fenti yake yi in ka fesa," ya ce. "Rabi ya tafi mota, rabi ya tsaya a iska yana shawara. Jiya na yi mafarki an turo mini wata doguwar mota, ba lamba, ba direba. Na ce wace kala za a yi mata? Ba wanda ya amsa. Ina ta buɗe gwangwanaye, kowanne fari."

Tela ta soke allura a rigar. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninta da Yaya, gishiri da wuta duk ta kanta suke wucewa. In ya shaƙe a hannunta, da wane ido za ta dube ta?

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya.

"Huɗu saura."

Bai sake roƙo ba. Ya juya fuskarsa wajen bango. Wannan ne ya tashe ta.

Ta shiga gidanta, ta ɗora tukunya, ta tsaya har madarar ta fara rawa a gefe. Da ta dawo ta ɗauko kofin silban daga saman kabad, ta ɗauraye ƙurarsa. Ta tallafi ƙeyarsa. Ya kurɓa sau uku, yana hutawa a tsakani, idonsa a lumshe.

"Ashe tana nan yadda na bar ta," ya ce. "In Sajan ta tambaya, ki ce fin ƙarfinki na yi."

Bai yi tari ba. Barci ya ɗauke shi, mai sauƙi, irin na wanda ya tashi daga aiki. Tela ta koma kan maɓallanta. Ta sa na uku, ta sa na huɗu. Hasken ya hau gado, ya bi ta kan yatsunsa masu shuɗi a ƙarƙashin farce, ya haye bango. Tana cizge zaren na ƙarshe ta lura injin ne kaɗai ke numfashi a ɗakin.

Ta yi salati a hankali, ta shafa idanunsa.

A haka Yaya ta same su, leda a hannunta. Ta dubi mijinta, ta daɗe. Sannan ta dubi kofin.

"Ya sha?"

"Kurɓa uku. Yaya, ni ce na…"

"Da ɗumi?"

"Da ɗumi."

"Sukari fa?"

"Ban sa ba."

"Ba ya so dama."

Ta zauna a bakin gado, ta zazzage ledar a cinyarta. Kwalayen magani suka zubo, bayansu ƙaramin gwangwanin madara ya gangaro. Ta tare shi da hannu, ta ajiye kusa da kofin.

Akwai ɗan fari a gashin bakinsa. Ta kama gefen mayafinta za ta goge, sai ta mayar da hannunta cinya.