Karnukan da Suka Dawo Ƙofarmu

Shekara ashirin da biyu Baba Kafeero ya yi yana sa wa karnukan garinmu guba. Aikin da hukumar gari ta ɗauke shi ke nan. Yakan yanka nama, ya cusa magani, ya ajiye a bayan mahauta da gindin bola, washegari ya bi da amalanke yana kwasar mushe. Har ya yi ritaya babu lungun da kare ke fakewa wanda bai sani ba.

Shi ya sa Likita Namusoke ta je har gida ta nemo shi, lokacin da ta buɗe gidan kula da karnuka a hanyar tafki. Wata ƙungiya ta Norway ce ke riƙe da gidan. Su ke aiko magani da keji, su kuma nemo iyalan da za su karɓi karnukan a can. Ni ce mai dafa musu abinci, tuwon masara da busasshen kifi, tukunya biyu kullum.

Ranar da ya fara zuwa na ce masa, "Baba, kai ne za ka ceci karnuka? To sun shiga uku."

"Nakiwala, ki ji da tukunyarki," in ji shi. "Wannan abin da kike tuƙawa ya fi maganina saurin kisa."

Ya iya aikin, ba ƙarya. Ba ya bin kare da gudu. Tsugunawa yake yi nesa kaɗan, ya kau da kai, ya yi ta fito a hankali har karen ya gaji ya matso. Haka ya samo wata karya da mai suyar wainar fulawa ta capati ya watsa wa tafasasshen mai, bayanta duk ya saɓule. Kwana tara yana kai mata abinci ƙarƙashin wata matacciyar mota kafin ta yarda ya taɓa ta. Ya sa mata suna Kasooli, wato masara da yarenmu, saboda launinta. Ko da ta warke, shi kaɗai take bari ya shafa ta.

Kafin kare ya tafi Turai sai an yi masa allura, an ɗebi jininsa an aika gwaji Afirka ta Kudu, an jira wata uku, sannan a kai shi filin jirgi na Entebbe. Cikin shekara biyu mun tura hamsin da takwas. Marit, wakiliyar ƙungiyar, takan aiko hotunansu, wasu a kan kujera, wasu cikin ƙanƙara sanye da riga. Baba yakan tsaya gaban bangon da muke manna su, ya yi ta kiran sunayensu ɗaya-ɗaya.

Wasu tsofaffi a Norway, mata da miji, suka zaɓi Kasooli. Baba ya ɗauki koya mata shiga keji da gaske. Na taɓa samun sa da rana tsaka ya cusa kai da kafaɗu a ciki, ita tana waje tana kallonsa.

"Baba, kai za a tura ne?"

"In sun ga hotona ai fasawa za su yi."

Saura sati uku ta tafi komai ya rushe. Ƙasar su Marit ta canja doka, ta daina karɓar karnukan titi daga waje. Ƙungiyar ta ce za ta koma da aikinta wani wuri. Marit ta kira Likita tana kuka, amma ba ita ke yanke hukunci ba. A watan kuma mahaukacin kare ya ciji wata mai sayar da ayaba a kasuwa, ta mutu. Gari ya ɗauki zafi. Hukuma ta ce za ta share duk karen da ba shi da gida, mai filin da muke zaune ya ce mu tashi kafin ƙarshen wata.

Karnuka arba'in da huɗu gare mu. Likita ta yi ta yawo ta samar wa goma sha uku gida, yawancinsu gadi. Baba ya so ɗaukar Kasooli, amma ɗaki ɗaya yake haya a gidan mutane da yawa, suka ce ko ita ko shi.

Likita ta zaunar da mu ta ce, "Ina da allurar da za ta sa su barcin da ba tashi. Ba za su ji komai ba."

"Likita, na kashe iya nawa," in ji Baba. "Ki nemo mana babbar mota. Na san wani daji bayan gonakin rake, akwai rafi."

"Yunwa za ta kashe su, Baba."

"Wasu za su rayu."

Daga ƙarshe ta ce to.

Tafiyar awa biyu muka yi. Da muka buɗe kejin, karnukan suka diro suna murna, sun ɗauka yawo aka kawo su. Mota na tashi suka biyo mu. Baba ya sauka ya yi ta jifan su da duwatsu. Kasooli ta ƙi matsawa, sai da ya sa mata sanda a baya, daidai wurin ƙunar. Ta yi ƙara ta shige rake. Ya dawo mota, muka juyo gari.

Kwana na biyar da hantsi, mai gasa ayaba da ke tsallaken tsohon gidan ta kira ni a waya.

"Nakiwala, karnukanku sun dawo. Ga su nan jere a ƙofa."

Na ce ta ƙirga. Ashirin da huɗu. Ta ce ƙafafunsu duk jini, amma suna zaune shiru suna kallon kwaɗon da ke ƙofar. Na kira Likita, tana Kampala wurin sabon aikinta. Na kira Baba. Sannan na ɗora tukunya, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba.

Kafin ɗan acaɓa ya kawo ni da abincin, maƙwabta sun riga sun kira hukuma. Ma'aikatan ba su ma wahalar da kansu da ɓoye naman gubar ba. Mu muka koya wa karnukan karɓar abinci a hannun mutum, a hannu suka karɓa. Na tarar da wasu suna shure-shure, kumfa na fita a bakinsu. Wani baƙin kare da muke kira Ssebo ya gan ni ya kaɗa wutsiya yana kwance.

Shugaban ma'aikatan, Lubega, Baba ne ya koya masa aiki tun da can. Da ya ga tsohon ya sauko daga acaɓa sai ya cire hula.

"Baba, ka yi haƙuri. Turo mu aka yi."

Baba ya wuce shi. Ya bi mushen ɗaya bayan ɗaya yana juyawa yana duba bayansu. Kasooli ba ta ciki. Da ya gama sai ya ga sababbin ma'aikatan suna jan karnukan ta wutsiya a kan tsakuwa.

"Ba haka ake yi ba," ya ce. Ya naɗe hannun riga ya taya su lodawa a mota.

Yanzu capati nake soyawa a bakin tasha. Tsofaffin nan na Norway sun yi ta rubuto wa Likita suna tambaya, ta ce musu Kasooli tana wata gona. Sau uku Baba ya koma dajin, ya yini yana fito a bakin rafi, bai ga komai ba. Bayan nan gwiwoyinsa suka ƙi, 'yarsa ta zo ta tafi da shi ƙauyensu wajen Masaka. Filin kuma an mai da shi wurin wankin mota.