Ranar da Gumsu Ta Yi Mana Tafinta

A shekarar 1953 En'e ta Haɗeja ta ɗauke ni daga cikin birni ta jefa ni wani ƙauye a bayan Guri, wai in riƙe makarantar elementare. Ni ne hedimasta, ni ne malamin aji, ni ne kuma mai kaɗa ƙararrawa. Shekaruna ashirin da uku, ina da sabon keke da fararen riguna biyu, kuma a ganina duk ƙasar Haɗeja babu wanda ya kai ni sani. Keken bai tsinana mini komai ba, don da zarar kogi ya cika ya malala cikin fadama, ko gidan maƙwabci za ka sai da kwalekwale.

Yarana ashirin da bakwai ne, fiye da rabinsu 'ya'yan Mangawa masunta, waɗanda Barbarci suke yi a gida. Karatu kuwa da Hausa ake yin sa, haka littattafan suka zo. Ina juya baya zan yi rubutu a allo sai aji ya kaure da yaren da ba na ji, ni kuma zuciyata ta ba ni cewa da ni ake. Sai na ƙago doka. Na samo busasshen kan tarwaɗa, ƙato, na huda shi na zura igiya. Duk wanda aka kama yana Barbarci a makaranta a rataya masa a wuya, har sai ya kamo wani. Dabarar nan ta burge ni ƙwarai, saura kaɗan in rubuta wa ofis su yaɗa ta a sauran makarantu.

Wadda ta fi kowa shan kan kifin nan ita ce Gumsu, 'yar wani masunci mai suna Bunu. Shekararta goma sha ɗaya, kuma ita ce ta ɗaya a aji, ba da wasa ba. Hausarta a rubuce ta fi ta 'ya'yan birni tsabta. Na riga na sa sunanta a takardar waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar 'yan mata a Kano. Sai daga baya na gane abin da yake jawo mata hukunci: in na yi bayani ƙananan yara suka yi zuru, ita take sunkuyawa ta maimaita musu da yarensu. Wato rabin aikina take yi mini, ni kuma ina saka mata da wari.

Wata rana aka tashi ta manta ta tafi gida da abin a wuya. Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Rana ta uku saƙo ya iso daga kakarta: ta cire jikarta daga boko, ba za ta bar ta a inda ake hukunta yaro don ya yi maganar gidansu ba. Kan kifin kuma an gode, an jefa shi a miya, amma ya tsufa, bai ƙara mata komai ba.

Bunu ya tafi su can wajen Cadi, sai lokacin girbi zai dawo, saboda haka maganar tsohuwa ita ce magana. Takardar sunaye kuma ran kasuwa za ta bi jirgin ruwan Haɗeja, saura kwana biyu. Yaron da ba ya zuwa makaranta dole a soke sunansa. Na sa farar rigata, na shiga kwalekwale da hantsi, ina ta tsara jawabi a raina.

Na tarar da gidan ya turnuƙe da hayaƙin banda. Mata biyar ko shida suna zaune suna feɗe kifi, babu namiji ko ɗaya, mazan duk suna kan ruwa. Tsohuwar tana kan tabarma a gindin tsamiya, 'yar firit da ita, fuska duk tsage, haƙora jajur da goro da fure. Ba ta jin Hausa, ko kuma ta ga dama ranar ba ta ji. Dole Gumsu ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu, ta zo ta durƙusa a tsakaninmu.

Bayan an gaisa, tsohuwa ta yi tambaya. Gumsu ta ce, “Malam, ta ce kai ɗan wane gida ne?”

Na gyara zama. “Gaya mata sunana Shu'ibu, jikan Arɗo Buba, Fulanin Haɗeja ne mu gaba da baya.”

Da jin haka idon tsohuwa ya yi haske. Ta tafa hannu, ta ɓarke da magana, tana nuna ƙafafuna, tana nuna wuyana, matan nan suna ƙunshe dariya da gefen zane. Ta daɗe tana yi kafin ta tsaya.

Gumsu ta dubi ƙasa. “Malam, ta ce sannu da zuwa, ka sha hanya.”

Na ce na gode, Allah ya ƙara girma, sannan na shiga jawabina a kan amfanin ilmi. Tsohuwa ta katse ni, ta sake zubo wata doguwar, har da kwaikwayon tafiyata.

“Ta ce rigarka ta yi kyau.”

Na sake godiya, cikin ladabi irin na ma'aikaci. A karo na uku fara'ar tsohuwa ta ɗauke. Ta tofar da goro, ta yi 'yar magana a fusace, ta juya mini baya. Matan suka koma kan kifinsu. Gumsu kuwa idonta ya ciko.

Duk da girman kaina, ni ba wawa ba ne gaba ɗaya. Maganar da ta kai tsawon igiyar guga ba ta komawa “rigarka ta yi kyau”. Na ce, “Gumsu, faɗa mini abin da Kaka ta ce tun daga farko. Kada ki zubar da ko ɗaya.”

“Malam, zagi ne fa.”

“Kawo shi yadda yake.”

Sai ta fara: “Ta ce tun da ta hango ƙafafunka kamar sillen kara ta san bawanta ne ya zo gaishe ta. Ta ce ina ƙwaryar nonon da ka kawo wa uwargijiyarka, ko rowar taku ta gado ce ta motsa? Ta ce wanda ya tashi a bayan saniya me ya sani game da kan kifi, da har zai rataya wa 'yar masu ruwa? Yanzu kuma ta ce ta yi maka wasa sau biyu kana amsa mata kamar alƙali, ashe boko har wasan kakanni yake cinyewa. Ta ce ka tashi ka tafi.”

Kunya ta rufe ni. Kowa ya san Bafillace da Babarbare abokan wasa ne, in sun haɗu sai an tsokani juna, kowa ya ce ɗaya bawansa ne. Wanda aka tsokana ya ƙi ramawa, ya nuna ya fi ƙarfin mai yi masa ke nan. Tsohuwa ta buɗe mini ƙofa sau biyu, yarinya kuma saboda ganin girman malaminta ta bi tana rufewa.

Na tuɓe hula na ajiye a gwiwa. Na ce, “Gaya wa baiwata ban kawo nono ba don na san bakin da ya saba da busasshen kifi ba zai gane daɗinsa ba. Ki ce tsagen nan na fuskarta kakana ne ya sa aka yi wa kakanta, don in ya gudu a gane shi a kasuwa.”

Gumsu ta zaro ido. “Malam, kakata ce fa!”

“Yanzu ke tafinta ce. Kai mata.”

Ta kai mata. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga aiki. Yarinyar nan ta miƙe wuya yadda nake yi, ta ɗaga hanci, ta saki Barbarci kamar ruwan kwata. Matan suka yar da wuƙaƙe, wata har da faɗuwa a kan kwando. Dariyar ta fi ƙarfin abin da na faɗa, na tabbata an ƙara masa gishiri a hanya. Tsohuwa ta juyo da sauri, baki buɗe, ba ni take kallo ba, jikarta take kallo.

Daga nan aka shiga fafatawa. Ta ce Bafillace zai mutu da yunwa a gaban tuwo saboda kunya. Na ce Babarbare zai sayar da gonarsa ya sayi turare. Gumsu tana tsakiya tana karɓa tana miƙawa, in ta juyo wajena Hausa tsantsa har da karin Haɗejawa, in ta juya can ta zama wata 'yar tsohuwa. Ko sau ɗaya ba ta tsaya laluben kalma ba. Na yi shekara ina ba yarinyar nan maki, ban taɓa sanin rabin abin da ke kanta ba.

Can tsohuwa ta share hawayen dariya ta jefo wata. Gumsu ta ce, “Ta ce in ka cika jikan Arɗo, ka rama da Fulatanci ta ji.”

Ban iya ba. In ban da gaisuwa, babu abin da na sani. Ban san lokacin da na fara ba su labarin tawa kakar ba, Yelwa, wadda ta goye ni. Ita tana yi mini Fulatanci, ni ina amsa mata da Hausa, har na girma na daina ganewa. Ranar da za ta rasu ta riƙe hannuna ta yi mini magana mai tsawo. Babu kowa a ɗakin sai ni. Har yau ban san abin da ta ce ba, kuma abin yana ci mini rai.

Gumsu ta ce a hankali, “Malam, in faɗa mata wannan ma?”

“Yadda na faɗa.”

Ta juya mata shi da Barbarci. Tsohuwa ta murza goro a hannu, ta amsa. Gumsu ta ce, “Ta ce abin da take tsoro ke nan. Ba ta so ranar tata ta zo a fita neman tafinta.”

Na ce dokata ta mutu daga yau. Na ce kowace Alhamis darasin ƙarshe yaro zai kawo labari daga gida da yaren gidansu, ya juya shi da Hausa, kuma da maki, kamar lissafi. Sannan na zaro takardar da za ta tafi Haɗeja, na ɗora a gwiwa, na rubuta a gaban sunanta, ina karantawa da ƙarfi: “Gumsu Bunu. Ta ƙware a harshe biyu, Hausa da Barbarci, tana juya magana daga wannan zuwa wancan fiye da duk wanda na taɓa gani, har da malaminta.”

Dole ita za ta kai wannan ma. Ta rufe fuska da hannu ɗaya ta faɗa, matan suna guɗa. Tsohuwa ta karɓi takardar ta riƙe ta a juye, ta duba ta sama da ƙasa kamar mai sayen zane, ta miƙo mini. Sannan ta yi magana gajeruwa, ba dariya.

Gumsu ta juyo wajena. “Malam, ta ce gobe in koma makaranta.”

Ta faɗa mini da Hausa, sannan ta sunkuyar da kai ta sake faɗa wa kanta da Barbarci.