Jinin da Aka Ƙi Karɓa

Umma ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma ba zai taɓa ta ba sai an tanadi jini. 'Ya'yanta ukun da suka rage suna tsaye a bakin gadon ya faɗi haka: Dogo, direban babbar mota, da ƙanwarsa da kowa ke ce wa Malama saboda tana koyarwa a firamare, sai Auta mai walda, wanda ya taho da kayan aiki a jikinsa.

"Jini ai ba abin nema ba ne," in ji Dogo. "Ni kaɗai in aka tatse ni sai a cika bokiti."

Ɗakin gwajin yana can ƙarshen baranda, da dogon benci a ƙofarsa. Mai gwajin, wata mata mai tabarau, ta ce ba a ɗibar jinin kowa sai an duba shi, ƙanjamau da ciwon hanta. Ta ɗebi kaɗan kaɗan a hannunsu. Auta ya runtse ido da ya ga allura, Malama ta ce ƙato da shi, mai wasa da wuta kullum. Suka koma benci suna dariya.

Dogo aka fara kira. Matar ta tura ƙofa ta rufe, ta ce ya zauna.

"Malam, ba za mu iya karɓar jininka ba. An ga wani abu."

Da ƙyar ya haɗa kalmar. "Ƙanjamau?"

"A'a, wannan babu. Ciwon hanta ne, wanda ake ce wa B."

"Ni? Ni da ko zazzaɓi bai cika kwantar da ni ba?"

"Haka yake yi. Yakan zauna shiru a jiki shekara da shekaru. Sai ka ga likita."

Ya fito yana gyara hula, ya ce musu wai jininsa ya ɗan hau saboda rashin barci. Malama ta shiga. Ta jima, ta fito tana kallon ƙasa, ta ce nata kuma wai bai isa a ɗiba ba. Ba wanda ya dubi wani.

Auta bai iya ɓoye abu ba tun yana yaro. Yana fitowa ya tsaya a gabansu, audugar tana manne a hannunsa.

"Yaya, wai ciwon hanta gare ni. Ni da ko sigari ban taɓa sha ba."

Malama ta ɗora hannu a ƙirji. "Abin da aka ce mini ke nan."

Suka juyo ga Dogo. Ya gyaɗa musu kai, shi ma haka ne.

Tare suka koma ciki. Dogo ya ce lallai kayan gwajin ne suka lalace, ina aka taɓa jin mutum uku a jere. Matar ba ta yi musu da shi ba. Ta sake ɗibar jinin, ta aika babban ɗakin gwaji. Da la'asar amsa ta dawo yadda take.

Likitan da ya gan su dattijo ne, ba ya gaggawar magana. Ya ce idan aka samu 'yan ɗaki ɗaya haka, galibi tun wajen haihuwa suka ɗauka daga uwa, ita ma ba ta san tana da shi ba. Ya ce ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko gaisawa. Za a duba hantar kowannensu, mai buƙatar magani a ɗora shi a kai, a gwada matansu da mijin Malama da yara, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi.

Sai ya tambaya, yana rubutu, "A gidanku akwai wanda ya taɓa rasuwa da ciwon ciki? Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, mutum ya rame?"

Suka dubi juna. Likitan ya ɗago.

Haka Babban Yaya, ɗan farin Umma, ya rasu, shekarun baya, yana tsakiyar ƙarfinsa. Cikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa suka kumbura, idonsa ya koma ruwan ƙwai. A lokacin gidan gaba ɗaya sun yanke cewa matarsa ce ta sa masa wani abu a abinci, don sun yi ta samun saɓani kafin ya kwanta. Umma ce ta fara faɗa, Malama ta yaɗa, Dogo kuwa da hannunsa ya fitar da akwatunanta waje bayan ta gama takaba. Ta tafi da 'yarta ƙarama, kuma tun daga ranar ba a sake kiran sunanta a gidan ba.

"Wanmu," in ji Malama, muryarta can ƙasa. "Amma shi an ce sa masa aka yi."

"Ban gan shi ba, ba zan rantse ba," in ji likitan. "Amma abin da kuka kwatanta, ga ku ku uku a gabana, ni dai hanta zan ce."

Abokan aikin Dogo na tasha ne suka ba da jinin, aka yi aikin lafiya. Gwajin Umma ma ya nuna tana da shi. Sai da ta fara zama a gado suka gaya mata sauran. Ta saurara har ƙarshe, ta dubi tafin hannunta.

"Ke nan a jikina yayanku ya samu?"

"Umma, ba ki sani ba. Ba laifin kowa ba ne," in ji Auta.

"Ita fa yarinyar nan, matarsa da muka kora?"

Ta juya fuska bango, abincin da aka kawo mata ya huce a wurin.

Dogo ya sha tambaya kafin ya gano inda matar Yaya take. Wani ɗan shago ne a bayan kasuwa, keken ɗinki biyu, yadi rataye a igiya. Tana kan keke ya yi sallama. Ta amsa ba ta tsayar da ƙafarta ba.

"Anti, wurinki na zo."

"Na gani."

Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa mata komai, da gwajin, da maganar likita. Ya ce ya kamata a kai 'yarta a duba ta. Sai a nan ta tsayar da keken.

"An duba ta tun tuni. Ba ta da shi, an yi mata allura. Ni ma haka."

"Tun yaushe?"

"Tun yana kwance. Likitansa ya ce hanta ce, ya ce 'yan'uwansa su zo a gwada su. Na zo na same ku a tsakar gida na faɗa. Kai ka ce in rufe muku baki, wai na haɗa kai da likita."

Dogo ya dafa ƙofar. Ya tuna. Har inda take tsaye ranar ya tuna, da goyo a bayanta.

"Anti, ki yafe mana."

Ta ɗauki almakashi ta yanke zare. "Kai dai ka riƙa zuwa asibitin, kada ka yi wasa. Na ga yadda yake ƙarewa." Ta ajiye almakashin. "Yaya ƙafar Umma?"

"Da sauƙi. Tana tambayar ku."

"Yarinyar tana makaranta. In ta dawo zan gaya mata kakarta na asibiti. In ta ce za ta je, ba zan hana ta ba."

"Ke fa?"

"Ina da ɗinkin mutane," ta ce, ta mayar da ƙafarta kan keken.