Hannun Baffa a Cikin Injin

Tun kafin keken ya shawo kwanar layinsu mai gyaran keke ya san an taɓa injin. Yana tsugune a rumfarsa, ya tsoma tib ɗin taya a kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita, sai ya jiyo ƙarar. Shi ya ɗaura injin nan da hannunsa a jikin wani tsohon baƙin keke, lokacin da 'yarsa ta samu aiki a ɗakin gwajin jini can ƙarshen gari. Ya san kukansa kamar yadda ya san tarin matarsa: fat-fat-fat, ba gaggawa. Yau kuwa wani siririn kuka yake yi mai kaifi, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Ta taka birki a bakin rumfar, ta cire hular kwano tana dariya.

"Baba, sannu da aiki! Ka ga yau da rana na dawo?"

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "wa ya shiga cikin injin nan?"

Dariyar ta ɗan ragu. "Baffa ne. Na biya ta garejinsa a sa mini iska, sai ya ce bari ya duba."

Baffan nata ƙanen mai gyaran keke ne, shi ne autan gidansu, Auta ake ce masa. Mai gyaran keke ne ya koya masa riƙe sifana tun majina na zuba a hancinsa. Yanzu Auta yana da garejin babura a bakin babban titi, da ƙofar gilashi, da allo mai wuta. Shi kuwa yana nan a rumfar kwano da famfon hannu da gwangwanin gam.

Ya zagaya keken hannu a baya, kamar mai duba barnar awaki a gona. An cire faifan haƙoran baya da sarƙar injin ke ja, an sa ƙarami. An buɗe cikin salansa, bututun hayaƙi. An taɓa kafireto mai haɗa mai da iska. Aikin ya yi tsaf, ko ƙwarzane ɗaya babu a kan noti, wannan ne ma ya fi ƙona masa rai.

"Ai sau nawa na roƙe ka, Baba," ta ce a hankali. "Kullum sai ka ce gudun me nake, wa ya biyo ni. Har masu keken ƙafa wuce ni suke yi. Amma wallahi Baffa hannunsa akwai albarka. Kafin in gama shan ruwa ya gama."

"Uhm," ya ce. Ya koma kan tib ɗinsa, ya danna shi cikin ruwa har ya fantsalo masa a fuska.

Kwanakin da suka biyo baya, duk safiya in ta tayar da injin sai ya ji kamar Auta ne ya tsaya a tsakar gidansa yana gyaran murya. Matarsa ta lura ya rage ci.

"Malam, wai da ƙanenka kake wannan kumburin? Ba 'yarsa ba ce shi ma?"

"Wa ya ce ina kumburi? Gishiri ne ya yi yawa."

Ranar hutun yarinyar, ita da uwarta suka fita dubo wata mara lafiya. Suna ba da baya ya jawo keken cikin rumfa, ya saki labulen buhu. In gudu ake so, ai shi ma ba a bayan ƙofa aka haife shi ba. Ya taɓa jin cewa in aka rage kaurin kan inji, matsi na ƙaruwa, inji ya ƙara zafin nama. Ya kwance kan, ya shimfiɗa takardar yashi a kan fasasshen madubi, ya yi ta gurzawa. Ya ɗaga ya duba, ya ce wannan ko Auta zai iya. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har yatsunsa suka yi fari da garin ƙarfe.

Da ya mayar ya tayar, injin ya ɗauka da wani irin ruri da ya sa kajin maƙwabta watsewa. Ya hau, ya murɗa totur. Rabonsa da jin iska na dukan ƙirjinsa haka tun yana saurayi. Rigarsa ta cika da iska, ya wuce mai kura, ya wuce motar haya, ya ji yana dariya shi kaɗai. Ba tare da ya yi shawara da kowa ba hannunsa ya karkata zuwa babban titi. So yake ya wuce ta gaban ƙofar gilashin nan ko waiwaye ba zai yi ba.

Yana hango allon garejin sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashinsa, sannan ƙwaram! Ƙafar baya ta ja ƙasa, keken ya yi tangal-tangal, da ƙyar ya dafe da ƙafafu. Injin ya buga. Hayaƙi mai ƙauri ya tashi. Da ya ɗago, ga Auta a tsaye da tsumma a hannu, yana kallonsa daga tsallake.

Auta ya tsallako ya kama keken. "Yaya, ba ka ji ciwo ba dai?"

"Sakar mini, zan iya turawa."

Bai saki ba. A cikin gareji Auta ya kwance kan injin, ya juya shi a tafin hannu, ya leƙa fistin ɗin da ya fashe.

"Yaya, kai ka gurje nan?"

"Ni na ɗaura injin. Sai na nemi izininka?"

Ya so Auta ya yi dariya, ko ya yi masa gori, don ya samu abin kamawa. Auta kuwa sai ya jawo masa kujera, ya shiga tonon akwati har ya samo wani kan inji da fistin. Suna tsakiyar ɗaurawa wayar mai gyaran keke ta yi ƙara. 'Yarsa ce, ta dawo ba ta ga kekenta ba. Yana ta "am, wato" sai Auta ya zare wayar daga hannunsa.

"'Yata, yana wurina. Gyaran da na yi miki ne bai zauna ba. Yaya ya ji a kunne, ya kawo mini kafin ya yar da ke a hanya."

Mai gyaran keke ya bi shi da kallo. Ko godiya ta ƙi fitowa.

Da yamma yana durƙushe a tsakar gida yana ɗaure birkin keken, ta zo ta zauna a gefensa.

"Ka ga Baffa ko, Baba? Wani da sai ya ɓoye kuskurensa. Irinsa ba su da yawa. Turare zan saya masa."

Sifana ta zame ta bugi yatsansa.

"Turare atishawa yake sa shi," ya ce, alhali ya san babu wani abu mai kama da haka.

"To me yake so?"

Ya daɗe yana tsotsar yatsan kafin ya amsa.

"Agogo. Nasa ya tsaya, yana dai ɗaurawa ne don kar a ga hannun haka." Ya tura mata keken. "Ƙarami za ki saya, ba wani mai walƙiya ba. Zo ki matsa birkin nan in gani."