Haƙorin Duna

Kun gan shi, kada ku ce ba ku gan shi ba. Duk mai bi ta bayan gidan Gwamma a Durun zai tafi kasuwar Kabo ya ga ɗan kwikwiyon nan Duna ɗaure a turke cikin rana, igiyarsa gajera, ƙwaryar ruwansa a kife. Kuka tattare bakin riga kada yawunsa ya taɓa ku, kuka wuce.

Ran nan da hantsi Malam Sajo, maƙwabcinta mai noman rani, ya tsaya ƙofar gidan yana jan tiyon ban ruwa a ƙasa.

"Gwamma, fito ki ga aikin ɗan naki!"

Ta fito tana gyara mayafi. Duna ya tsinke igiya da sassafe ya faɗa lambu, ya huhhuje tiyon nan kaf.

"Shekaranjiya takalmin liman, jiya tabarmar Murja, yau ga albasata tana ƙishi. Ko ki raba mu da shi, ko mu haɗu gaban mai unguwa."

Mijin Gwamma ya rasu ya bar mata 'yan awaki, ɓarayi kuma sun kwashe rabinsu da damina. Abin da ya sa ta karɓo kwikwiyo ke nan wajen Baƙo, wan mijinta, wanda yake farauta. Shi ya gindaya mata ƙa'ida: a ɗaure shi gajere, kada ya ƙoshi, a riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo, kada kowa ya yi masa wasa. Haka ake samun kare mai zafi, in ji shi, haka aka gada.

Da Baƙo ya iso, kallo ɗaya ya yi wa tiyon ya girgiza kai.

"Yaya, ko dai yunwa ce?" in ji Gwamma. "Ko a ƙara masa igiya a gani?"

"Ke me kika sani a kare? In ya fara ɓarna ya lalace. Yau tiyo, gobe akuyarki."

"Duka-duka yaushe aka raba shi da uwarsa?"

"To goya shi mana," Sajo ya ce. Mazan da suka taru suka kwashe da dariya.

Baƙo ya sa ta kawo ɗumamen tuwo, ya zaro ƙullin maganin ɓera daga aljihu ya cuɗa a ciki.

"Ke za ki ba shi. Daga hannuna ba zai ci ba."

Ta dubi mazan. Ta ɗauka ta kai turke, inda aka sake ɗaure shi. Duna ya tarbe ta yana kaɗa jela, ya lashe kaskon tas. Tuwo na farko ke nan da ya ci babu barkono.

Bai mutu da wuri ba. Ana kiran la'asar yana nan yana shure-shure a gindin turke, masu dawowa daga kasuwa suna kau da kai.

Sajo ya bar mata tiyon ta gyara. Tana zaune a tsakar gida tana naɗe hujin da roba, sai wani abu ya soke ta a yatsa. Ta ƙwaƙulo shi. Haƙori ne, bai fi ƙwayar shinkafa ba, da busasshen jini a gindinsa.

Gwamma ta raini 'ya'ya. Ta san yadda jariri yake cizon nono, da ludayi, da bakin zani, in dasashi yana yi masa ƙaiƙayi. Ta tashi ta je turke, ta tarar ya mutu, ta sa hannunta ta ɗaga leɓen gawar. Dasashin a kumbure, ga giɓi, ga sababbi sun fara leƙowa.

Famfara yake yi.

Gab da magariba Baƙo ya leƙo.

"Kada ki damu, karyata ta kusa haihuwa, zan ajiye miki namiji. Amma wannan karon ki ƙara barkono."

Ta dubi awakin da yanzu ba mai gadinsu. Ta dunƙule haƙorin a tafin hannu.

"Ajiye min, Yaya," ta ce. "Amma ni zan raine shi."

Akwai wani Duna a bayan gidanku, kun kuwa san turken. Tashi ka je. Sassauta igiyar, zuba masa ruwa, jefa masa ƙashi ya gwaguya. Yau ɗin nan, kafin wani ya ce a kawo ɗumame.