Jan Takalmi a Bakin Kwata

"Mama, ke ma sai kin cire takalmi ake ɗaukar ki hoto?"

Uwar ta ajiye kofin shayi. Safiyar Litinin ce, ana shirin makaranta, 'yarta mai shekara shida tana zaune a bakin gado tana kokawa da igiyar jan takalminta. Da uwar ta lallaɓa ta, sai labari ya fito guntu-guntu. Ranar Asabar, da uwar ta tafi da ita ofis don babu wanda za ta bar wa, mai hoton ofishin ya ja ta bayan gini inda kwata take, ya sa ta tuɓe takalmi, ya tsefe mata kitso ɗaya, ya ba ta wani tsohon kibod na kwamfuta da rabin maɓallansa suka zube ya ce ta rungume. Ya hana ta dariya. Da aka gama ya sallame ta da alewa.

Maman Kwamfuta ake kiran uwar a layinsu, don da goyo a baya ta koyi tsara shafukan intanet. Shi ya sa ta yi murna har da hawaye ran da wata ƙungiya ta ɗauke ta ta gina shafin da zai nuna wa 'yan unguwanni irin tasu hanyar shiga aikin fasaha. Wata uku tana rage wa shafin nauyi don ya buɗe a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. A wayar telan layinsu take gwadawa. In ya yi tsaki, ta san da sauran aiki.

Tana isa ofis ko jaka ba ta ajiye ba ta buɗe hotunan da mai hoto ya turo. Ga 'yarta nan, ƙafa a cikin caɓi, kai a yamutse, ido ya raina fata, ka ce ba ta taɓa sanin uwa ba. An ma rubuta abin da za a liƙa a ƙasa: wai yarinyar da duniya ta manta da ita. Yarinyar da aka yi wa wanka sau biyu a ranar. Ta miƙe ta nufi ofishin Daraktan ƙungiyar.

Darakta, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki, ya saurare ta yana jujjuya makullin mota. Ya yi mata bayani a tsanake, kamar mai koya wa yaro ƙirga: masu tallafa wa ƙungiya ba a wayar tela suke kallon shafi ba, kuma yaro mai ƙoshi ba ya taɓa musu zuciya. Ya yabi hasken hoton. Ya yabi idon yarinyar.

"Yallaɓai, 'yata ce. Tana da takalmi, tana da uba."

"To ai mun sani, Maman Kwamfuta. Su ne ba su sani ba," in ji shi yana murmushi. "Kuma ke kika yarda."

Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Fom ɗin rajistar baƙi ne, wanda duk mai shigowa ofis ke cikewa a waya. Can ƙasa akwai ɗan akwatin amincewa da a yi amfani da hoton mutum da na yaransa, rubutunsa ƙanana kamar ƙwan sauro, an riga an yi masa alamar eh. Ita ta tsara shi haka da hannunta, ran da Darakta ya ce mutanenmu ba sa son dogon karatu. Ita ma ranar Asabar, da ta cike shi saboda 'yarta, ta danna ta wuce ba ta duba ba. Ƙyamar da take ji ta rabu biyu, rabi ta dawo kanta.

Ta ce in hoton ya hau shafin, za ta tara matan layinsu ta kawo su su ga kwatar da idonsu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce a goge hoton, ai yara ba su ƙare ba.

Ba su ƙare ba kuwa. Ranar Laraba sabon hoto ya iso: 'yar matar da ke share musu ofis, kwata ɗaya, kibod ɗaya. A gefen hoton ga silifas ɗinta an jera su tsaf a kan dutse. Saƙon mai hoto layi ɗaya ne, wai ta yanke gefen nan kafin ta ɗora.

Ta sami mai sharar a bayan matakala tana matse tsumma, ta nuna mata. Matar ta daɗe tana kallo, ta goge hannu a zane, ta ce, "Ƙanwata, rufa min asiri ki bar maganar. Da tsintsiyar nan nake ciyar da su."

Maman Kwamfuta ta koma teburinta. Ta cire alamar eh daga akwatin, ta ƙara girman rubutun yadda ko kakarta za ta gani ba gilashi. Silifas ɗin kuwa ta ƙi yankewa. Ta ajiye katin shiga ofis kusa da kwalbar turaren Darakta, ta tafi ɗauko 'yarta daga makaranta. Kafin mako ya zagayo an sami wanda ya yanke, shafi ya hau, ya cika da hotuna da bidiyo har ya daina buɗewa a wayar tela.

Ke mai karanta wannan, in kina da ɗa, ki karanta ɗan akwatin nan na ƙasa kafin ki danna, ko da mutum goma na jiran ki a layi. In kuma mai hoto ya ce a ara masa yaro minti biyu, ki tashi ki bi su har inda za su tsaya, kada ki yarda a cire masa ko takalmi ɗaya.